Mai Koren Kwat

A unguwarsu Mai Fanka ake ce masa, domin ya kai shekara talatin a wani ɗan shago kusa da famfo, yana kwance fanka yana ɗaurawa. A wurin 'yan fim kuwa sunansa Kawu. Darakta ya ce Kawu, mai riƙe fitila ya ce Kawu, har tsohuwar nan da ke fitowa a uwar kowa, wadda ta ba shi shekara goma, Kawu take ce masa.

Tabo ne ya shigar da shi harkar. Yana ɗan shekara tara risho ya fashe a gidansu, ya bar masa ƙuna tun daga kumatun hagu har bayan kunne, fatar wurin ta tattare ta ja gefen idonsa ƙasa. Wata rana wani darakta ya kawo gyaran fanka, ya tsaya yana kallonsa har Kawu ya tsargu, sannan ya ce, "Malam, ka taɓa yin fim?" Shekara ashirin da biyu ke nan da wannan tambaya. A cikinsu ya fito a ɓarawo, ya fito a ɗan fashi na uku daga hagu, ya fito a mai gadin da ake shaƙewa tun kafin labari ya fara. An harbe shi sau goma sha bakwai, mota ta buge shi sau biyu. In an rubuta sunansa a ƙarshen fim, sai can ƙasa, lokacin da kowa ya riga ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Bai damu ba. In ya dawo daga wurin ɗauka matarsa takan tare shi da, "Yau ma an kashe ka, ko ka tsira?" Shi kuma ya ce, "An kashe ni, amma sai da na yi magana biyu."

Wata shekara wani gidan talabijin ya yi shirin jan kunnen iyaye kan satar yara. Aka kira Kawu, aka ce ya zo da kayansa kamar yadda aka saba, domin irinsu ba a ɗinka musu kaya. Ya sa koren kwat ɗinsa ya tafi. Aka ɗora kyamara can sama a kan katanga don hoton ya yi kama da na kyamarar tsaro. Aikinsa kaɗan ne: ya fito daga mota, ya durƙusa gaban wata yarinya, ya miƙa mata alewa, ya kama hannunta zuwa mota. Kafin ya shiga, darakta ya ce ya ɗago kai ya dubi sama don tabon ya fito. Yarinyar 'yar mai ɗaukar sauti ce, sau huɗu ana sakewa saboda tana ta dariya. Duka abin bai wuce daƙiƙa arba'in ba, daga nan mai gabatarwa ta fito ta yi bayani. Ranar da aka nuna shirin babu wuta a unguwarsu, shi bai ma gani ba. Ya manta da shi.

Bayan shekara ɗaya da rabi, yana cikin naɗa waya a shago, sai Mai Kwalliya ta kira shi. Ita ce take shafa wa 'yan wasa hoda da jinin ƙarya, sun daɗe tare.

Ta ce, "Kawu, ka tuna shirin nan na satar yara? Wani ya yanko wurinka kaɗai, ya goge tambarin gidan talabijin, ya ɗora murya a kai. Wai kai ne kake sace yara a garin nan. Yana ta yawo a waya tun jiya, ni kaɗai mutum uku suka turo min."

Kawu ya yi dariya. Ya ce, "Ashe dai na yi suna kafin in mutu."

"Ba dariya na kira ka ka yi ba. Ka zauna a gida kwana biyu har abin ya lafa."

"Haba, wa bai san ni ba?"

"A unguwarku aka san ka," in ji ta.

Wayarsa 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ta nuna bidiyo, don haka bai ga abin ba. Bai gaya wa matarsa ba, don kada ta ɗaga hankalinta a banza. In ma za a faɗi gaskiya, wani ɗan daɗi ya ji a ransa.

Kwana uku bayan haka babbar 'yarsa, wadda take koyarwa a makarantar firamare, ta biyo da sassafe da 'yarta. Yarinyar shekararta shida, Aku ake ce mata a gida saboda bakinta ba ya hutawa. Haƙori ya hana ta barci kwana biyu, uwar ba ta samu izini a wurin aiki ba, uban kuma direba ne yana kan hanya. "Baba, don Allah ka kai ta asibitin haƙori, ga katinta." An yi ruwa da asuba, gari da ɗan sanyi. Kawu ya ɗauko koren kwat, shi ne kaɗai rigar kirki da yake shiga ofis ko asibiti da ita.

Asibitin yana can ɗaya gefen gari, bas biyu suka shiga. Likita ya yi wa Aku allura a dasashi, ya cire haƙorin, ya cusa mata auduga, ya ce ta cije ta kada ta yi magana har rabin awa. Kawu ya ce, "Likita, in ka sa wannan ta yi shiru rabin awa, sai a ƙara maka girma." Suka yi dariya, suka fito wajen ƙarfe goma sha ɗaya.

A inda ake jiran bas akwai mutane kamar goma sha biyar. Aku ta gaji, rabin fuskarta ya mutu da allura, yawu mai jini-jini yana zubo mata a haɓa. Tana ta ƙananan kuka tana fizge hannunta, so take a ɗauke ta, shi kuma bayansa ba ya son ɗauka. Ya durƙusa yana goge mata baki da hankici yana lallashinta.

Da ya ɗago, sai ya ga wata mata mai jakar cefane tana kallonsa. Ya saba da kallo, duk mai tabo ya saba. Amma mutane sukan kalla su kawar da kai, wannan kuwa ba ta kawar ba. Ta dubi wayarta, ta dube shi, ta taɓa na kusa da ita ta nuna masa. Shi ma ya duba, ya ɗago. A nan maganar Mai Kwalliya ta faɗo masa. Ya sunkuyar da kai ya dubi rigar da ke jikinsa.

Ya miƙe a hankali, ya kama hannun Aku, ya ce a ransa bari su taka zuwa matsaya ta gaba. Bai yi taku biyar ba matar ta sha gabansa.

"Bawan Allah, yarinyar nan ta waye?"

"Jikata ce."

"Jikarka? Me ya same ta a baki?"

"Haƙori aka cire mata, yanzu muka fito daga asibiti." Muryarsa ta fito siririya, shi kansa ya ji kamar ƙarya yake yi.

Matar ta sunkuya. "Yarinya, kin san mutumin nan?"

Aku ta dube ta, ta dubi mutanen da suka fara matsowa, ta fashe da kuka. Likita ya ce kada ta yi magana, ga auduga cike da baki.

"Shi ne!" in ji wani daga baya. "Wallahi shi ne, ga tabon, ga rigar ma bai canja ba!"

Kawu ya ɗaga hannu ɗaya. "Jama'a, ku tsaya. Fim ne. Ni ɗan fim ne, wasa muka yi a talabijin. Ga katin asibiti, bari ku gani." Ya sa hannu cikin aljihun kwat.

"Zai zaro wuƙa!"

Bai ga wanda ya doke shi ba. Ya dai ji wani abu ya sauka a kunnensa na hagu, duniya ta yi shiru, sai wata ƙara siririya. Da jinsa ya dawo, wurin ya cika. Daga ina suka fito haka? Masu shaguna, masu jiran bas, wasu ma'aikatan gini da ƙura a jikinsu, wata bas ma ta tsaya fasinjoji suna sauka. Hannuwa da yawa a sama riƙe da waya, ana ɗaukarsa. Kalmar "ɓarawon yara" tana tafiya daga baki zuwa baki, tana komawa baya inda ba a ma ganinsa.

Wani ya kama Aku ta kafaɗa yana ja. Ta ƙwalla ƙara, audugar ta faɗo, jini ya biyo, mutane suka gani suka ƙara haukacewa. Kawu ya rasa yadda zai yi. In ya riƙe, za su ɓalla mata hannu. In ya saki, za ta ɓace cikin ƙafafun mutanen da ba su san ko sunanta ba. Ya faɗi a kan gwiwoyinsa ya rungume ta, ya ba su baya. Duka ya dinga sauka, ƙafa, hannu, wani abu mai kama da katako. Ya ji wani abu ya yi ƙara a haƙarƙarinsa. Ba abin da yake faɗi sai, "Yarinya, akwai yarinya, ku yi hankali da yarinya."

Bayansu akwai kantin magani. Mai kantin, wata dattijuwa mai jiki da tabarau, ta fito jin hayaniya. Ta kutsa tana ture mutane tana cewa, "Ku ba ni yarinyar! Za ku tattake ta!" Aka ɗan buɗa mata, domin an san ta a layin. Ta kama Aku ta ja, amma Aku ta cusa hannu biyu cikin kwalar kwat ɗin ta ƙanƙame. Matar ta ja da ƙarfi, Kawu ya biyo da rarrafe, taku uku suka faɗa cikin kantin tare. Kafin mutane su gane abin da ya faru, ta kama ƙofar ƙarfe ta jawo ta ƙasa, ta danna kwaɗo.

Kantin ya yi duhu, sai hasken firjin magani. Ta kunna fitila, ta ɗauko wani dogon almakashi daga kan kantar sayar da magani ta nuna shi da shi.

"Koma can jikin bango ka zauna. Kada ka motsa. Ba don kai na rufe ba."

Ya ja jiki ya koma. A waje aka fara dukan ƙofa, ƙarfen yana lanƙwasowa ciki yana komawa, kwalaben magani suna rawa a kan katako.

Mai kantin ta ɓanɓare hannun Aku a hankali, ta ɗora ta kan kujera, ta goge mata baki, ta ce ta buɗe. Ta haska da tocilan, ta daɗe tana dubawa. Ta sa mata sabuwar auduga, amma kafin nan ta ce, "Gaya min, wane ne wancan?"

Leɓen Aku ya karkace, maganar ta fito a cakuɗe. "Kakana."

"Kakanki na ina?"

"Na gida."

Matar ta ajiye almakashin, amma kusa da hannunta. Ta karɓi katin asibiti ta karanta, ta kira lambar da ke jiki. Kawu yana jin muryar 'yarsa ta cikin wayar, tana tambaya, sannan tana salati. Bai so ta zo ba. Daga nan matar ta kira 'yan sanda, ta faɗi sunan layin sau uku saboda ƙarar ƙofa.

Sai ta matso ta miƙo masa wayarta daga nesa. "To wannan fa? Ni ma na gani. Jiya na tura wa ƙannena."

Karo na farko ke nan da Kawu ya ga aikin. Hoto mai dishi-dishi daga sama. Mutum ya fito daga mota, ya durƙusa, ya miƙa alewa. Wata murya mai kauri tana cewa an riga an rasa yara uku, duk wanda ya gan shi kada ya bar shi ya tsere. Sannan mutumin ya ɗago kai ya dubi sama. Kawu ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Da shi ne ya ga mutumin nan kusa da Aku, da bai tsaya tambaya ba.

Ya ce, "Hajiya, duba jikin bangon can, akwai inuwar sanda. Sandar makirufo ce, uban yarinyar ne ke riƙe da ita."

Ta cire tabarau ta mayar, ta kai wayar kusa da ido. "Ni ban ga komai ba."

Ya lalubo wayarsa, har sau biyu yana danna kuskure. Ya kira daraktan shirin, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya kira Mai Kwalliya. Da ta ji hayaniyar ba ta tambaye shi komai ba sai, "Kana ina?" Ta ce za ta nemo cikakken shirin ta taho da shi.

Dukan ƙofa ya tsaya. Kawu ya ɗauka sun gaji, sai ya ji wani yana magana dab da ƙarfen, cikin natsuwa.

"Hajiya, ba mu da matsala da ke. Ki riƙe yarinyar, ki turo mana shi."

"Kakanta ne!" in ji ta. "Uwarta na hanya, 'yan sanda na hanya!"

"Ƙarya yake miki! In 'yan sanda suka tafi da shi gobe za ki gan shi a titi!"

Wasu suka zagaya ta baya. A ɗakin ajiya akwai 'yar taga mai ƙarafa, aka fasa gilashinta, hannu ya shigo yana lalube. Mai kantin ta jawo Aku ta cusa ta ƙarƙashin kanta tsakanin kwalaye, ta ce ta toshe kunne. Can sai Kawu ya ji wari. Ya san shi, da shi yake wanke injin fanka. Ya dubi ƙasan ƙofa, ya ga wani ruwa siriri yana shigowa a hankali, yana bin layin tayil.

Mai kantin ma ta gani. Ta kwaso tsummokara ta toshe wurin, ta kai bakinta jikin ƙofa ta yi ihu iya ƙarfinta, "Akwai yarinya a ciki! Ku ji tsoron Allah, akwai yarinya!" A waje gardama ta kaure, wasu na cewa a dakata a fito da yarinyar, wasu na cewa ai tsoratarwa ce kawai, wani na tambayar wa ke da ashana.

Kawu ya ce, "Hajiya, buɗe in fita."

Ta juyo.

"Ni suke so. In na fita za su bar ku."

Da gaske yake, amma da ya dafa bango zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi. Ya sake gwadawa, ya zame. A nan ya lura wandonsa ya jiƙe, bai san lokacin da abin ya faru ba. Sau goma sha bakwai aka harbe shi a gaban kyamara, kullum yana lissafin inda zai faɗi don kada ya ɓata riga. Yanzu abin da yake gani kawai taya ce da wuta, da Aku tana ji daga ƙarƙashin kanta.

Mai kantin ta kawar da kai daga wandon. Ta ce, "Zauna. In na ɗaga ƙofar nan ba kai kaɗai za su samu ba."

Suka zauna. Agogon bango ya nuna minti ashirin da biyar da rufe ƙofa. Kawu yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, yana mantawa a tsakiya yana sake farawa. Duk ƙarar da ya ji a waje sai ya ɗauka ta ƙyasta ashana ce.

Sai wata murya ta keta hayaniyar, ya gane ta tun kafin ya ji kalmomin. 'Yarsa ce. "Ubana ne! 'Yata ce a ciki! Ku duba, ga hotonsu, ku duba!" Ya ji ta iso jikin ƙofa ta jingina bayanta da ita, ƙarfen ya motsa. Wani ya ce tare suke sana'ar. Wata mata ta ce a'a, ta san ta, malamar ɗanta ce. Aka ji ƙarar mari, aka ji wasu suna hanawa. Aku ta fito daga ƙarƙashin kanta da gudu ta manne da ƙofar tana kiran "Mama", auduga na faɗowa, mai kantin ta janye ta daga kan tsummokaran fetur.

Ba wanda ya tafi, amma ba a ƙyasta komai ba. Gardamar ta ci minti goma, kuma minti goman nan ne suka ishi motar 'yan sanda ta iso. Aka yi harbi biyu sama.

Da aka ɗaga ƙofa rabi, wani sajan mai furfura ya sunkuyo ya shigo. Ya dubi Kawu, ya dubi fetur ɗin, ya ciro ankwa.

"Baba, kawo hannunka. In ban sa maka wannan ba, ba za su bar mu mu wuce ba."

Daga ƙofar kanti zuwa mota bai fi taku goma sha biyu ba. Sajan ya danne masa kai, 'yan sanda biyu suka sa shi a tsakiya. Mutane suka ɗauki shewa da tafi. Dutse ya wuce ta gefen fuskarsa ya bugi motar. Ya hango 'yarsa, ɗankwalinta ya faɗi, leɓenta a fashe, ta rungume Aku ta juya mata fuska don kada ta ga ankwar.

A ofishin 'yan sanda Mai Kwalliya ta same su da cikakken shirin a wayarta. Aka taru aka kalla har inda mai gabatarwa ta fito, har sunaye suka hau. Aka tsayar, aka nemo nasa can ƙasa. Wani kurtu ya tafa hannu. "Kai! Ba kai ne aka harbe a kan gada ba, ka faɗa ruwa? Wallahi na san fuskar nan!" Ya ce a ɗauke su hoto tare. Kawu ya tsaya aka ɗauka, yana riƙe da haƙarƙarinsa.

Haƙarƙari biyu ne suka tsage, kunnen hagu kuma bai sake ji sosai ba. Gidan talabijin ya yi sanarwa sau biyu cewa hoton na wasan kwaikwayo ne. Amma a ranar da abin ya faru wani sabon bidiyo ya fita, na Kawu da ankwa ana tura shi mota, an rubuta a kai cewa an kama shi. Wannan ya fi na farkon yawo. Har ƙanin matarsa da ke wani gari mai nisa ya turo mata, yana cewa ta gode wa Allah an kama mugun, bai gane mijin yayarsa ba.

Aku ta yi mako guda ba ta cewa komai sai i da a'a. A hankali bakin ya dawo, amma in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta shige bayan uwarta. Kawu bai buɗe shago ba. Maƙwabta suka dinga kawo fankokinsu gida, yana gyarawa a tsakar gida, wasu ma lafiyarsu ƙalau, ya san don su duba shi ne aka kawo. In ya taka zuwa bakin layi ya ga baƙuwar fuska ta dube shi sau biyu, sai gumi ya keto masa, ya juyo. Kwat ɗin kuwa matarsa ta yanka shi ƙanana ta zuba a shara ba ta tambaye shi ba.

Bayan wata biyu daraktan nan da bai ɗauki waya ba ya zo har gida. Ya yi jaje, ya ce ranar yana wurin ɗauka wayar na cikin mota. Sannan ya ciro takardu daga jaka.

"Kawu, yanzu kowa ya san fuskarka. Ina da shiri mai kashi goma, kai ne shugaban masu satar mutane. Ba harbe ka za a yi a farko ba, har ƙarshe kana nan. Hotonka a kan allon talla, sunanka na uku."

Kawu ya karɓi takardun ya auna nauyinsu a hannu. Bai taɓa riƙe fiye da rabin shafi ba. Wannan shafi goma sha huɗu ne, kashi na farko kaɗai. Ya dubi matarsa, tana bakin ƙofar ɗaki tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

Ya ce, "Bar min su in duba."

Kwana uku yana haddacewa. Yana ɗaure fanka yana motsa baki, yana cin abinci takardar na gefen kwano. Rana ta huɗu da hantsi ya ce wa matarsa ta ajiye aiki ta zo ɗaki. Ya rufe ƙofa, ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya yi mata shafi goma sha huɗun nan daga farko har ƙarshe, bai duba takarda ba. A wani wurin ya rage murya har sai da ta matso, a wani wurin ya yi wata dariya da ta sa ta kama bakin zaninta.

Da ya gama ta ce, "Ashe haka ka iya, suke ta kashe ka tun da wuri?"

Ya zauna bakin gado yana haki, haƙarƙarin na sukarsa. Ya tattara takardun ya daidaita gefensu, ya miƙa mata.

"Gobe in za ki kasuwa, ki biya ki ba Mai Kwalliya ta mayar masa. Ki ce na gode."

"Ka tabbata?"

"Allon talla a bakin titi ake kafa shi," in ji shi. "Aku tana bin titi."

Wani aka ba aikin, Mai Kwalliya ta ɗora masa tabon roba. Da shirin ya fito Kawu bai kunna nasu talabijin ba. Amma wata ranar da la'asar, yana tsakar gida da fankar wani a gabansa, aka maimaita kashi na farko a gidan maƙwabta, sautin na tsallako katanga. Ya juya kunnensa mai ji wajen katangar, sukurdireba a hannu, bakinsa na bin maganar kalma bayan kalma. Matarsa tana shanya tana kallonsa ta gefen ido.

Can ya girgiza kai. "Ya yi sauri," ya ce. "Nan wurin kamata ya yi ya ɗan dakata."